Tsinken Langmuir: Yadda Ake Auna Filasma, Kwaikwayon Awon a Kwamfuta, da Alaƙarsa da Samaniyar Mubi

Tsinken Langmuir wata 'yar waya ce ta ƙarfe, ko ɗan ƙwallo, ko ɗan faifai, da ake tsomawa cikin filasma domin a san yawan ƙwayoyin lantarkin da ke cikinta da kuma zafinsu. Yana cikin tsofaffin kayan awon wannan fanni kuma mafi araha, har yau kuma ana ɗora shi a kan taurarin ɗan adam da ke ratsa samaniyar arewacin Najeriya. Haɗa shi ba wuya, amma fassara abin da ya auna yana da wuya ƙwarai, domin da zarar an tsoma shi sai ya sauya yanayin abin da aka aike shi ya auna. Wannan ne ya sa masana suka koma ga kwamfuta, suna ƙirƙirar filasmar da suka san komai nata, su tsoma mata tsinke na lissafi, su ga ko dabarar fassarar za ta dawo musu da gaskiyar da suka riga suka sani.

Mene ne filasma?

A makaranta ana koyar da cewa abu yana kasancewa a ɗaya daga cikin yanayi uku: daskararre, ruwa ko iskar gas. Filasma ita ce ta huɗu. Idan iskar gas ta sami zafi mai tsanani, ko aka ratsa ta da wutar lantarki, ko hasken rana mai ƙarfi ya buge ta, wasu daga cikin ƙwayoyin zarrarta sukan rabu da ilektiron ɗinsu. Ilektiron yana ɗauke da caji mai alamar ragi, abin da ya rage na ƙwayar zarrar kuma, wanda ake kira ayon, yana ɗauke da caji mai alamar ƙari. Cakuɗar waɗannan biyu da sauran iskar da ba ta rabu ba ita ce filasma. Tana gudanar da lantarki, kuma maganaɗisu yana iya lanƙwasa tafiyarta.

Walƙiyar damina filasma ce. Haka hasken da ke tashi a bakin sandar mai walda, da abin da ke haskawa cikin doguwar fitilar lantarki mai farin gilashi, da rana kanta da sauran taurari. A sama da ƙasa kuma, daga kimanin kilomita 60 zuwa kilomita 1,000, akwai wani ɓangare na sararin samaniya da ake kira ayonosifiya, inda hasken rana ke mayar da wani kaso na iska filasma a kullum.

Ayon ya fi ilektiron nauyi nesa ba kusa ba. Mafi sauƙin ayon, wato na iskar haidurojin, ya ninka ilektiron nauyi sau 1,836, na iskar argon kuwa ya ninka shi kusan sau 73,000. Saboda haka ilektiron ya fi saurin zirga-zirga ƙwarai, kuma wannan bambanci shi ne tushen kusan duk abin da ke faruwa a jikin tsinken awo.

Asalin tsinken

Sunan ya samo asali ne daga Irving Langmuir, masanin kimiyya ɗan Amurka da aka haifa a 1881 ya rasu a 1957. Ya yi aiki a ɗakin binciken kamfanin General Electric da ke Schenectady a jihar New York, inda ake nazarin ƙwan fitila da bututun lantarki. A 1926 shi da abokin aikinsa Harold Mott-Smith suka wallafa lissafin yadda ƙarfen da aka tsoma cikin iskar gas mai lantarki ke tattara caji. Langmuir ne kuma ya fara amfani da kalmar filasma ga irin wannan iska a 1928. Ya sami lambar yabo ta Nobel a fannin kimiyyar sinadarai a 1932, bisa aikinsa kan abin da ke faruwa a fuskar abubuwa.

Wasu sun ɗora a kan wannan tushe. A 1930 masanin ƙasar Holan M. J. Druyvesteyn ya nuna yadda za a gano rabe-raben kuzarin ilektiron daga sakamakon tsinken. A 1949 David Bohm ya bayyana saurin da dole ayon ya kai kafin ya shiga yankin da ke kewaye da tsinken. A 1950 Johnson da Malter suka fito da dabarar tsinke biyu, wadda ke amfani a inda babu wani ƙarfe tsayayye da za a jingina awon da shi.

Yadda yake aiki

A ɗakin bincike, tsinken yawanci siririyar wayar ƙarfen tangistin ce, saboda juriyarsa ga zafi. Ana rufe jikinta da gilashi ko tangaran, a bar 'yan milimita kaɗan a tsirara. Sai a haɗa ta da na'urar da ke sauya ƙarfin lantarkin da ake ɗora mata, daga ɓangaren ragi zuwa ɓangaren ƙari, ana rubuta yawan lantarkin da ke kwarara a kowane mataki. Abin da ake samu zane ne mai sassa uku.

Idan aka ɗora wa tsinken cajin ragi mai yawa, yana korar ilektiron ya janyo ayon, sai a ga 'yar kwarara kaɗan ta ayon. Idan aka fara sassauta cajin, ilektiron mafiya kuzari sukan fara isa gare shi, kwararar ta riƙa hawa da sauri. Yadda wannan hawa ya miƙe ko ya kwanta shi ke nuna zafin ilektiron. Idan cajin tsinken ya kai na filasmar kanta ko ya wuce, sai hawan ya lafa, domin duk ilektiron da ya doso ya riga ya samu shiga. Akwai kuma wani mataki a tsakani inda ayon da ilektiron da ke isowa suke daidaita, kwarara ta tsaya cik. Duk wani abu da aka saki cikin filasma ba tare da waya ba, har da tauraron ɗan adam, a wannan mataki yake zama.

Masana kan auna zafin ilektiron da ma'aunin ilektiron-bolt, wanda ɗaya daga cikinsa ya kai kimanin digiri 11,600 a ma'aunin Kelbin. A doguwar fitilar lantarki zafin ilektiron yana kusa da wannan adadi, amma ana iya taɓa gilashin da hannu, domin ilektiron ɗin ba su da nauyin da za su ɗumama sauran iskar.

Matsalar kube

Da zarar ƙarfe ya shiga filasma, wani siririn yanki yakan kewaye shi inda daidaiton ayon da ilektiron ya rushe. Masana suna kiransa kube, kamar kuben wuƙa. Kaurinsa yana da nasaba da wani tsayi da ake kira tsayin Debye, sunan masani Peter Debye, wanda ke ƙaruwa idan ilektiron suka yi zafi, yake raguwa idan suka yi yawa. A filasmar ɗakin bincike tsayin kan gaza kashi ɗaya cikin goma na milimita, a ayonosifiya kuwa yakan kai 'yan milimita zuwa santimita.

A nan ne wahalar take. Domin a fitar da yawan ayon daga kwararar da aka auna, dole a san faɗin fuskar da ta tattara su. Amma fuskar da ke tattarawa ta haɗa da kuben, kuben kuma yana kumbura yana motsewa gwargwadon cajin da aka ɗora wa tsinken da kuma yawan ayon ɗin da ake nema. Wato amsar tana cikin tambayar. Ga kuma wasu abubuwa da ke ƙara dagula lissafi: ayon na iya kewaya siririyar waya ya wuce bai taɓa ta ba, yana iya karo da ƙwayar iska a cikin kuben ya faɗo kan tsinken da da bai same shi ba, maganaɗisu yana tilasta wa ilektiron bin hanya ɗaya, datti ko tsatsa a fuskar ƙarfen na sauya sakamako.

Lissafin Langmuir da Mott-Smith ya dace da yanayin da kuben ya fi tsinken kauri sosai kuma babu karo. Wani lissafin ya dace da yanayin da kuben ya yi siriri sosai. A 1957 Allen da Boyd da Reynolds suka kawo nasu tsarin, a 1959 Bernstein da Rabinowitz suka kawo wani. Kowanne yana da sharuɗɗansa, kuma idan aka yi amfani da su a kan awo guda, amsoshinsu kan yawan filasma na iya bambanta ƙwarai, wani lokaci har ninki biyu ko fiye. Yawancin gwaje-gwaje na zahiri kuwa a tsakanin waɗannan iyakoki suke faɗawa.

Shigowar kwamfuta

Babban mataki na farko shi ne aikin James Laframboise na Jami'ar Toronto a Kanada, wanda a 1966 ya yi amfani da kwamfuta ya warware lissafin tsinke mai siffar waya da mai siffar ƙwallo a filasmar da babu karo a cikinta, ga kauri daban-daban na kube. Har yau ana gwada sababbin manhajoji da jadawalinsa domin a tabbatar da ingancinsu.

Hanyar da ta fi yaɗuwa a yanzu ita ce ta bin ƙwayoyi cikin raga, wadda aka fi sani da taƙaitaccen sunan PIC. Ta taso ne daga ƙarshen shekarun 1950 ta hannun masana irin su Oscar Buneman da John Dawson, sannan Charles Birdsall na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley da abokin aikinsa Bruce Langdon suka tattara ta a littafinsu na 1985. Tun da babu kwamfutar da za ta iya bin kowane ilektiron ɗaya bayan ɗaya, sai a sa ƙwaya ɗaya ta lissafi ta wakilci dubbai ko miliyoyin ƙwayoyi na gaske. Ana kuma yanka filin da ke kewaye da tsinken zuwa ƙananan gidaje kamar na dara.

Daga nan kwamfuta takan maimaita aiki huɗu. Da farko ta ƙirga cajin da ya faɗa kowane gida. Sai ta lissafa ƙarfin lantarkin da wannan caji da na tsinken suka haifar a ko'ina. Sai ta duba yadda ƙarfin zai tura kowace ƙwaya. Sai ta matsar da ƙwayoyin ɗan taki, ta cire waɗanda suka taɓa tsinken ta rubuta su a matsayin kwarara. Karo da ƙwayoyin iska kuwa ana shigar da shi ta hanyar jefa ƙuri'a ta lissafi, wadda ake kira dabarar Monte Carlo: a kowane taki ana zaɓen ƙwayoyin da za su yi karo bisa yiwuwar da aka auna a gwaje-gwaje.

Aikin yana da tsada ta fuskar lokaci. Kowane gida dole ya kasance bai wuce tsayin Debye ba, kowane taki kuma dole ya gaza lokacin da ilektiron ke ɗauka su yi lilo sau ɗaya. A filasmar da ke da ilektiron biliyan 10 a kowane santimita mai fuska shida, lilon yana faruwa kusan sau miliyan 900 a daƙiƙa. Ayon kuwa masu nauyi ne, sai an jira su. Saboda haka kafin a sami ɗigo ɗaya na zanen tsinken, kwamfuta na iya maimaita zagayen sau dubban ɗaruruwa.

Ribar wannan wahala ita ce mai kwaikwayon ya san amsa tun kafin ya fara, domin shi ya zuba yawan ilektiron da zafinsu. Idan ya fassara zanen da kwamfuta ta fitar da wata dabara ya ga ta kauce wa abin da ya zuba, ya san girman kuskuren dabarar da kuma yanayin da take kuskure. Yana iya cire karo ya mayar, ya kunna maganaɗisu ya kashe, abin da ba ya yiwuwa a ɗakin bincike balle a sararin samaniya. Sai dai kwaikwayo ba ya wuce abin da aka gaya masa. Idan bayanan karo ba daidai ba ne, ko ƙwayoyin lissafin sun yi kaɗan, ko an manta da dattin fuskar ƙarfe, sakamakon zai fito da tsari mai kyau amma ba gaskiya ba. Don haka ake kwatanta shi da awon zahiri a koyaushe.

Samaniyar Mubi

Garin Mubi, da ke arewacin jihar Adamawa kusa da iyakar Kamaru a gindin duwatsun Mandara, yana kan kimanin digiri 10 arewa da Ikwaita. Wannan matsayi yana da muhimmanci ga masu nazarin ayonosifiya. Baya ga Ikwaitar taswira, akwai ikwaitar maganaɗisu, wato layin da maganaɗisun duniya yake kwance daidai da doron ƙasa. A Afirka ta Yamma wannan layi ya karkata arewa, ya ratsa arewacin Najeriya tsakanin kimanin digiri 10 zuwa 12, ya wuce gabas zuwa Cadi da Habasha. Mubi na cikin garuruwan da ke ƙarƙashin wannan ɗamara.

Da rana, a tsayin kimanin kilomita 105, wata kwararar lantarki mai ƙarfi tana bin wannan layi ta nufi gabas, faɗinta kimanin kilomita 600. Masanin Ingila Sydney Chapman ne ya raɗa mata suna a 1951, kuma ɗaya daga cikin fitattun masu bincikenta a duniya ɗan Najeriya ne, Farfesa Cyril Onwumechili, wanda ya yi aiki a Jami'ar Ibadan kuma ya wallafa littafi guda a kanta a 1997. Bayan faɗuwar rana kuma, ƙasan ayonosifiya kan rasa filasmarsa da sauri yayin da samanta ke cike, sai wasu kumfa marasa filasma su taso su huda zuwa sama, su miƙe arewa da kudu bisa layukan maganaɗisu. Sun fi yawaita a watannin Maris da Afrilu da Satumba da Oktoba, da kuma shekarun da rana ta fi tashin hankali a zagayenta na shekara 11. A Oktoban 2024 hukumomin NASA da NOAA na Amurka suka sanar cewa zagayen da ake ciki ya shiga ƙololuwarsa.

Tasirin wannan yana sauka har ƙasa. Masu sauraron rediyo a gajeren zango sun daɗe suna cin moriyar ayonosifiya, domin ita ke dawo da siginar tashoshin nesa zuwa ƙasa, kuma sauyinta ne ke sa murya ta riƙa zuwa tana dusashewa. Siginar GPS kuwa ratsa ta take yi, tana jinkiri gwargwadon yawan ilektiron da ta tarar a hanya, abin da kan jawo kuskuren mita da dama idan ba a gyara ba. Idan siginar ta bi ta cikin kumfan dare sai ta riƙa rawa, wani lokaci na'ura ta rasa tauraron gaba ɗaya. Wannan ya shafi masu safiyon filaye da iyakoki, da jiragen sama, da kamfanonin sadarwa da ke daidaita agogonsu da GPS, da masu bin sawun manyan motoci.

Tsinken Langmuir na cikin manyan hanyoyin ganin waɗannan kumfa kai tsaye. Tauraron C/NOFS na rundunar sojin saman Amurka, wanda ya yi aiki daga 2008 zuwa 2015 yana kewaya yankin Ikwaita, ya ɗauki irinsa. Taurari uku na Swarm, da Hukumar Sararin Samaniya ta Turai ta harba a ranar 22 ga Nuwamban 2013, kowanne yana ɗauke da tsinke biyu masu kan ƙwallo. A can ma fassarar ba ta da sauƙi. Tauraron yana gudun kusan kilomita 7.5 a daƙiƙa, ya fi ayon sauri amma bai kai ilektiron ba, don haka yakan bar rami a filasmar da ke bayansa, kamar yadda kwalekwale ke barin sawu a ruwa. Jikinsa yana da nasa caji da nasa kube, hasken rana kuma yana fizgo ilektiron daga fuskarsa. Domin warware wannan ne aka samar da manhajoji irin su SPIS, wadda hukumar ta Turai ta ɗauki nauyinta, da PTetra ta Richard Marchand na Jami'ar Alberta a Kanada, waɗanda ke kwaikwayon tauraro da tsinkensa a cikin filasma.

Matsayin Najeriya

Hukumar Bincike da Bunƙasa Sararin Samaniya ta Ƙasa, NASRDA, da aka kafa a 1999, tana da Cibiyar Binciken Sararin Iska a Anyigba ta jihar Kogi, wadda ke bibiyar yanayin ayonosifiya, da kuma cibiyar nazarin siffar ƙasa a Toro ta jihar Bauchi. Ofishin Babban Safiyo na Tarayya yana da jerin tashoshin GPS na dindindin da ake kira NIGNET, ciki har da na Yola da Zariya da Birnin Kebbi, kuma masu bincike sun yi amfani da bayanansu wajen lissafa yawan ilektiron a samaniyar ƙasar. Tashoshin ƙasa suna ba da jimillar ilektiron da sigina ta ratsa, tsinken da ke kan tauraro kuma yana ba da yawansu a daidai inda yake. Haɗa biyun ne ke ba da cikakken hoto, kuma ingancin haɗin ya dogara da ingancin fassarar tsinken.

A Mubi akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da aka kafa a 1979, da Jami'ar Jihar Adamawa da ta fara aiki a 2002, a Yola kuma akwai Jami'ar Modibbo Adama. Gina ɗakin gwajin filasma yana buƙatar famfon zuƙe iska, da iskar gas mai tsabta, da wutar lantarki marar yankewa. Kwaikwayo kuwa, musamman na siririyar waya inda ake bin nisa daga tsakiya kawai, yana iya gudana a kwamfutar tafi-da-gidanka. Ƙungiyar Birdsall ta Berkeley ta saki manhajojinta kyauta, a 2021 kuma Zoltán Donkó na Budapest da abokan aikinsa suka fitar da eduPIC domin koyarwa. Bayanan Swarm su ma kyauta ake sauke su ta intanet. Abin da ɗalibi ke buƙata shi ne tushe a lissafi da kimiyyar lantarki, da iya rubuta manhaja, da haƙurin gwada sakamakonsa da na waɗanda suka gabace shi.

Sauran wuraren amfani

Amfanin tsinken bai tsaya ga sararin samaniya ba. Masana'antun da ke ƙera ƙananan ƙwaƙwalen wayar salula da kwamfuta suna sassaƙa su ne da filasma, kuma da tsinken ake tantance yanayin injinan. A injinan gwajin samar da makamashi ta hanyar haɗe ƙwayoyin zarra, irin ITER da ake ginawa a Cadarache ta kudancin Faransa, ana dasa shi a bango domin auna filasmar gefe, inda zafi bai kai ya narkar da shi nan take ba. Kumbon Cassini ya kai shi duniyar Satan, Rosetta ya kai shi jikin tauraro mai wutsiya, MAVEN kuma ya kai shi duniyar Mas. A duk waɗannan wurare abin da na'urar ke aikowa kwararar lantarki ce kawai, kuma sai an bi ta da lissafi da kwaikwayo kafin ta zama adadin ilektiron da zafinsu.